Kwaɗin Japan da Sili Uku Daga Dutsi

Mutum na farko da ya yi mini magana da harshen da nake ji a ƙasar Japan shi ne Viktor. Na sauka daga jirgin ƙasa a wani gari na arewacin ƙasar bayan kwana biyu ina kan hanya, na tsaya a tasha da akwatina ina kallon allunan da ko harafi ɗaya ban iya karantawa a jikinsu ba. Sai ga wani dogon Bature da jar rigar sanyi, ya ɗaga takarda mai sunana.

"Kai ne Nasiru?" ya ce da Turanci. "Farfesa ya aiko ni. Kawo akwatin."

Shi ma baƙo ne, ɗalibi, ya riga ni zuwa da shekara uku. Ya kai ni ɗakin da jami'a ta ba ni, ya nuna mini yadda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki, da ranar da ake fitar da shara, da kantin da zan sami shinkafa da kifi. Har ya tambaye ni abin da addinina ya hana ni ci, ya rubuta mini harafin da ke nufin naman alade a takarda, ya ce in riƙa duba shi a jikin duk abin da zan saya. Da ya tafi na yi sallah na yi masa addu'a. Na ce Allah ya haɗa ni da mutumin kirki tun ranar farko.

Ni ɗan Dutsi ne. Mahaifina dillalin shanu ne, kasuwarsa Mai'adua. Kafin wannan tafiya ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a Daura, kuma da ƙyar aka ba ni hutun ƙaro karatu. Tallafin da na samu yana da sharaɗi: shekara ɗaya ta gwaji. In Farfesa ya gamsu da hannuna, in zarce digiri na uku. In bai gamsu ba, in tattara in koma. Na baro matata Hauwa'u da ƙaramin ciki, na mai da ita Dutsi wajen Inna, domin mahaifiyarta ta rasu tun tana yarinya.

Abin da na zo koyo shi ne yadda ƙwaƙwalwa da lakar baya suke somawa a jikin ɗan tayi. Da ƙwan kwaɗo muke aiki. Bai kai ƙwayar gero ba, rabinsa baƙi-baƙi, rabinsa fari-fari. Idan aka haɗa shi da ruwan namiji sai ya rabu biyu, ya rabu huɗu, ya yi ta rabuwa har ya zama curi. Kafin kwana ɗaya ya cika, wani fili yakan shimfiɗu a bayan curin, gefunansa biyu su ɗago kamar kunyoyin gona, su matso, su haɗe, su zama bututu. Wannan bututun ne zai zama ƙwaƙwalwa da laka. Haka abin yake a kwaɗo, haka a kaza, haka a ɗan rago, haka a ɗan Adam.

Farfesa, wani gajeren dattijo marar yawan magana, ya gaya mini jarrabawata tun makon farko. Akwai wani ɗan wuri a jikin curin, shi ne ke umartar maƙwabtansa su zama ƙwaƙwalwa maimakon fata. Zan yanko shi daga ɗan tayi ɗaya in dasa a cikin wani. In dashen ya kama, talibambam ɗin da zai fito zai zo da kai biyu. Ya ce tsohon gwaji ne, an daɗe da saninsa, amma wanda bai iya shi da hannunsa ba, ba zai iya abin da ke gaba ba.

Kwaɗin suna can ƙasan bene, a wani dogon ɗaki mai ɗanshi, cikin tankuna jere. Viktor ne ya saukar da ni. Ya ce asalinsu daga Afirka suke, ya yi dariya ya ce in gaisa da 'yan'uwana. Ban ji haushi ba, na yi dariyar ni ma. Sannan ya ce al'adar wurin ita ce sabon ɗalibi ke kula da ɗakin kwaɗi kowace safiya har sai wani sabon ya zo: ba su abinci, sauya ruwa, goge tanki, cire wanda ya mutu.

"Ni ma na yi," ya ce. "Kowa ya yi."

Ban ga abin musu ba. A gidanmu ma ƙarami ke share garke.

Daga nan sanyi ya sauko. Ban taɓa sanin rana za ta iya faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi ba. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya har gwiwa, garin ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Kullum in fito da sassafe in gangara ɗakin kwaɗi, hannuna cikin ruwa har wajen sha ɗaya. Lokacin da zan hau sama, an riga an matse ƙwan ranar daga matan kwaɗin da aka shirya, kowa ya zaɓi masu kyau ya zauna gaban madubinsa na ƙara girma. Abin da ya rage a faranti shi ne nawa, masu dabbare-dabbare, waɗanda suka soma ruɓewa. In sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, in taɓa da hantsaki, su fashe kamar dafaffen ƙwai. Ɗaliban Japan da ke ɗakin, in mun haɗu a matakala, sai su rusuna mini sosai su faɗi wata doguwar magana. Na ɗauka gaisuwa ce, ni ma in rusuna.

Kewar gida ba ta zo mini yadda na zata ba. Ba kuka nake ba. Abubuwa ƙanana ne suke tsaya mini a rai. In tuna ƙarar babura a hanyar Dutsi zuwa Daura ranar kasuwa. In tuna yadda ba ka isa ka wuce majalisa ba tare da an tsai da kai an tambaye ka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ba. A can nakan yi kwana uku ban buɗe baki na yi sallama da kowa ba. Ranar da na ga ɗanyar kuɓewa a kanti, guda takwas a cikin ɗan koren raga, na daɗe tsaye ina riƙe da ita kafin in kai wajen biya. Na tuƙa tuwon shinkafa da cokali, ya yi gudaji, na cinye tas.

Agogonsu ya riga namu da awa takwas, saboda haka la'asar ɗina ita ce safiyar gida, lokacin nake kira. Wata rana Baba ya karɓi wayar daga hannun Inna.

"Wai ni Nasiru, me aka ce kana yi a can?"

Na ce, "Nazari, Baba. A kan ƙwan kwaɗi."

Ya ce, "Duk shanun da ke Mai'adua ba su ishe ka nazari ba? Kwaɗin nan da damina ba ma iya barci saboda su a bayan gida. Da ka faɗa ai da an tara maka buhu."

Na ji Inna tana ce masa ya bar yaro. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. In mutane sun tambaye ni zan ce likitanci ne."

Wata huɗu ina haka. Rannan Farfesa ya kira ni ofishinsa, ya buɗe littafin aikina, ya juya shafuka. Babu komai ciki sai ranaku da kalmar "ya fashe". Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ji labarin ina son kwaɗi ƙwarai, kuma abu ne mai kyau, amma ba kiwo ya kawo ni ba. Ya ce saura wata takwas, kuma har yanzu bai ga hannuna ba. Ban fahimci maganar son kwaɗin ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Na fito na zauna a matakala ina tunanin yadda zan shiga ɗakin malamai a Daura in ce an dawo da ni.

Washegari ina goge tanki sai ga Mori-san ta shigo. Tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, ta haura sittin, gashinta fari fat, ita ke haɗa ruwan gishirin da muke aiki da shi. "San" ɗin nan kamar a ce malama ne. Turancinta kaɗan ne, ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Ta tsaya tana kallon hannuwana da suka tsattsage, sannan ta yi magana a wayarta, ta miƙo mini. Wayar ta fassara: "Me ya sa kullum kai ne?"

Na rubuta mata abin da Viktor ya gaya mini. Ta karanta sau biyu. Ta kama hannun rigata ta ja ni zuwa bayan ƙofa, inda wata takarda take manne, wadda nake wucewa kowace safiya ban san me ta ƙunsa ba. Ta ɗora yatsa tana karanto sunaye. Jadawali ne. Mutum tara, kowa da makonsa. Viktor ne mai kula da shi a shekarar. A ƙasa da jan biro ya rubuta da Japananci cewa sabon ɗalibi ya roƙa a bar masa aikin duka, domin kwaɗin daga ƙasarsu suke, yana jin daɗin zama da su. Ashe rusunawar da ake mini a matakala godiya ce.

Mori-san ta ɓalle takardar, ta ninke ta huɗu, ta sa a aljihu.

Na sami Viktor a ɗakin shan shayi shi kaɗai. Na zauna na gaya masa na ga jadawalin. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Da farko ya ce rashin fahimta ne. Da ya ga ban tashi ba, ya ce shekararsa ta ƙarshe ce, aikinsa bai fito ba, yana bukatar kowace safiya, kuma in ya sauke makonsa kaɗai a kaina za a gane, shi ya sa ya sauke na kowa.

Na ce, "Da ka roƙe ni makonka, da na yi maka."

Ya ce ya sani. Ya tambaya ko zan gaya wa Farfesa. Na ce a'a, ba don kirki ba, don ban san yadda zan faɗa da Turanci ba tare da na zama mai kai ƙara ba. Sabon jadawali ya fito ranar Litinin da rubutun Mori-san, babu sunana a ciki har ƙarshen zango. Ni da Viktor muka ci gaba da gaisawa, amma ban ƙara shan shayi da shi ba.

Wata huɗun nan ba su tafi a banza duka ba. Na san kwaɗin ɗaya bayan ɗaya. Na san wadda ke cin abinci da kyau, da wadda fatarta ta soma kwailewa, da tankin da ruwansa ya fi ɗumi. Da Mori-san ta zo zaɓar matan da za a shirya, na nuna mata biyu a tanki na shida. Ƙwan da suka ba da washegari sumul, kowane da rabinsa baƙi rabinsa fari kamar an ja layi. Daga ranar, ni take tambaya.

Ita ta koya mini aikin, ba da magana ba, da hannu. Madubinta yana da wurin leƙawa biyu, sai ta zauna gefe ɗaya ni ɗaya. Ta nuna mini cewa ƙarfe ya yi wa ɗan tayi tsauri. Wuƙar da ake yankan sa da ita gashin gira ne, sili ɗaya, a manne shi da kakin kyandir a bakin siririn bututun gilashi. Ta tsige girarta a gabana ta haɗa mini. Abin da ake riƙe shi da shi kuma, a juya shi ba tare da an fasa ba, ɗan zarge ne na gashin kai. Na tsigo nawa, ya nannaɗe ya ƙi zama zarge. Ta yi dariya ta rufe baki da hannu, ta buɗe aljihun teburinta ta ɗauko wata tsohuwar ambulan. Sili uku ne a ciki, sirara har sai ka karkata su ga haske. Wayar ta fassara mini: gashin jikarta ne na jarirantaka, yarinyar yanzu tana sakandare. Babu abin da ya kai gashin jariri laushi a wannan aiki. Ta ba ni ɗaya.

Ita ce kuma ta lura ranar Juma'a nakan yi ta duban agogo. Masallacin garin wani ɗaki ne a saman kanti, jirgin ƙasa biyu tsakaninmu, mu ashirin da 'yan kai, yawanci 'yan Indonesiya. Sau da yawa lokacin dashe yakan faɗo daidai da lokacin sallah, ɗan tayi kuwa ba ya jira. Ta kai ni gaban wani ƙaramin firji mai lamba a ƙofa. Ta nuna mini cewa in ka rage zafi, girman ɗan tayi yakan yi sanyi, in ka ƙara ya yi sauri. Ta zana mini a takarda: in na sa su a sanyi kaza da safe, za su kai matakin da nake so bayan la'asar. Tun daga ranar ban ƙara rasa Juma'a ba.

Dashe bai zo da sauƙi ba. In yanko gutsuren, ya manne a gira. In dasa, ya fito. In ya zauna, washegari in tarar ɗan tayin ya narke. Amma na koyi riƙe numfashi lokacin yanka. Dusar ƙanƙara ta narke, itatuwa suka yi fure. A cikin wannan lokaci ne wata safiya na jingina bututun a gefen faranti, gwiwar hannuna ta ture shi, zargen ya tsinke. Na nemi silin a kan tebur da ƙasa har na gaji. Mori-san ta buɗe aljihun teburinta za ta ba ni na biyu, na ƙi karɓa. Na koma amfani da wani siririn zare na roba. Yana yi, amma kamar ka sa takalmin wani ne.

Bayan kwana tara Hauwa'u ta sauka. Mace. Na ga 'yata a waya, jajir, da gashi kwance luf a kanta, baƙi, mai santsi. Na yi ta kallon hoton a jirgin ƙasa har na wuce tashata.

Ba zan ce aiki kaɗai ya sa na roƙa ba. Zaren roba zai iya kai ni. Gaskiyar ita ce ban ɗauki 'yata ba, ban yi mata huɗuba ba, ba zan ga yankan ragonta ba, ina son wani abu nata ya zo hannuna. Kwana biyu kafin suna na gaya wa Hauwa'u, in wanzami ya yi aski a ɗebar mini 'yan silin gashin a aiko.

Ta ce, "Malam, ni ba zan iya wannan a bayan Inna ba. Ka gaya mata da bakinka."

Inna ta karɓi wayar. Na yi bayani. Ta bar ni har na gama.

"Nasiru, kana cikin hankalinka? Gashin suna binne shi ake yi. Ni in ɗauki gashin jikata in ba shi hanya ya ƙetare ruwa, ya shiga hannun mutanen da ban sani ba, a taɓa kwaɗi da shi? In wani abu ya same ta me zan ce wa uwarta?"

"Inna, hannuna kawai zai taɓa."

"To wai ma mene ne amfanin aikin nan? Babanka na cewa likitanci, ni ban ga likitanci a kwaɗo ba."

Na rasa ta inda zan soma, sai na faɗa mata yadda zan faɗa wa 'yan ajina. Na ce bayan kowane jariri a buɗe yake somawa, sannan ya naɗe ya rufe. Wani lokaci ba ya rufewa duka, sai a haifi yaro da ƙulli a ƙasan baya, ƙafafunsa ba sa motsi. Ba za a iya leƙa cikin mace a ga yadda abin ke faruwa ba, amma a ƙwan kwaɗo ana gani da ido. Muna son mu san me ke rufe shi, me ke hana shi.

Na ɗauka layin ya yanke.

"Inna?"

"Na ji," ta ce. "Ana kirana a waje." Ta miƙa wa Hauwa'u wayar.

Na bar maganar. An yi suna, aka sa mata sunan Inna, muna kiran ta Ummi. Ban ƙara tambaya ba, su ma ba su ce komai ba.

Bayan mako uku da 'yan kwanaki, na tarar da ambulan a akwatin wasiƙuna, da kan sarkin Najeriya da hatimin gidan waya na Daura. A ciki akwai 'yar takarda da rubutun Hauwa'u, da wata takardar an ninke ta ƙanana an ɗaure da zaren lilo. Hauwa'u ta rubuta cewa da safiyar suna, kafin wanzami ya iso, Inna ta shigo ɗaki da almakashi, ta yi bisimilla, ta yanki sili uku daga ƙeya, ta ƙulle da hannunta, ta ce a aika kuma kada a gaya wa kowa. Sauran an binne.

Na kai wa Mori-san. Ta wanke hannu kafin ta taɓa takardar. Ta ɗaga sili ɗaya ga haske ta lanƙwasa shi, ya tafi ya dawo ba tare da ya karye ba. Ta gyaɗa kai. Ita ta narka kakin, ni na zura bakin gashin biyu cikin bututun.

Ba zan ce gashin ne ya yi aikin ba. Lokacin hannuna ya riga ya kusa. Amma na san na fi nutsuwa. Wata Talata na yi dashe goma sha biyu kafin azahar, na danne kowane da ɗan gutsuren gilashi har ya haɗe. Washegari bakwai suna raye. Na leƙa na ga a jikin huɗu daga ciki kunyoyi suna ɗagowa a wuri biyu, ɗaya a baya inda ya kamata, ɗaya a ciki inda na dasa. Na zauna ina kallo har suka matso suka rufe. Bayan kwana biyu ga talibambam huɗu, kowane da kai biyu, haɗe a ciki. Na ce subhanallahi a fili, har ɗalibar da ke kusa da ni ta juyo.

Farfesa ya zo ya leƙa. Ya daɗe. Ya ce in sake yi a gabansa mako mai zuwa, na sake, uku suka kama. Ya tambaye ni da me nake riƙe su, na nuna masa. Mori-san ta yi masa bayani da harshensu, ya dubi zargen, ya dube ni, ya ce in zo ofis a cika takardun zarcewa, kuma in soma neman izinin kawo iyalina. Viktor ya zo ya miƙo mini hannu, na karɓa. Shi an ƙara masa wata shida.

Da la'asar na fita bayan ginin, inda babu kowa, na kira gida. Na gaya wa Hauwa'u, ta yi guɗa a hankali don kada Ummi ta farka. Na ce ta ba ni Inna in yi mata godiya.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara buɗi." Na ji ta tashi, na ji ƙarar labule, hayaniyar tsakar gida ta yi nisa. Ta shiga ɗakinta ke nan.

"Nasiru, abin nan da ka faɗa ran nan. Na bayan da bai rufe ba."

"Na'am, Inna."

"Kafin kai an yi wani."

A iya sanina ni ne babba a ɗakinta.

"Namiji. Da ƙulli a nan ƙasan baya, kamar ƙwan kaza, yana tsatsafar ruwa. Ƙafafun nan kamar tsumma. Ya sha nono, ya yi suna. Kwanansa goma sha ɗaya." Ta tsaya ta ja numfashi. "Aka ce wai na je ɗiban ruwa da magariba da tsohon ciki, iska ta taɓa ni. Na je kuwa. An hana ni, na je. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ban daina tunawa ba. Kai da ka gani da idonka, gaya mini gaskiya. Zuwan nan nawa ne?"

Na jingina da bango. Na ce, "Ba shi ba ne, Inna. Abin yana faruwa ne a makonnin farko, tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba. Lokacin da kika je rijiya an daɗe da gamawa. Da kin zauna a ɗaki wata tara ba ki fita ba, haka zai zo."

"Ka tabbata?"

"Wallahi na tabbata. Yanzu ma akwai ƙwayar da ake ba mata a asibiti da ke rage shi, in sun soma sha da wuri. A lokacinku ba wanda ya gaya muku."

Ina jin zakara yana cara a wani gida can nesa, a Dutsi. Sannan ta ce, "To." Ta sake cewa, "To, madalla."

Na ce, "Inna, ya sunansa?"

"Ka tambayi babanka."

Sai a lokacin na gane abin da ya kamata in gane tun ina yaro. Duk matan unguwarmu ba mai kiran sunan ɗanta na fari. Inna kuwa Nasiru take ce mini kai tsaye, a gaban kowa, ban taɓa tambayar dalili ba.

Na kira Baba. Yana kara, ina jin kukan shanu da muryoyin masu ciniki. Na gaya masa an ɗauke ni, ya yi hamdala. Sannan na ce Inna ta ce in tambaye shi wani suna. Ya ce wa mutanen da ke gabansa su dakata, na ji yana takawa har hayaniyar ta ragu.

"Ita ta gaya maka?"

"Ita ce, Baba."

"Shekara talatin da biyar ba ta taɓa tayar mini da maganar ba," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Lawal. Muhammadu Lawal. Yana maƙabartar gabas, kusa da kakanka. In ka zo zan nuna maka."

Na ce, "Allah ya sa mai ceto ne."

Baba ya ce, "Amin."